Yadda za ku shigar da masu buƙata ta musamman ƙungiyar wasanku a Agege

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙungiyarku za ta karɓi matasan da shan inna ta taɓa, da makafi da kurame. Fara duba filin tukuna. Masu buga ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro, a kan katako mai taya suke zama suna bugawa da hannu, saboda haka yashi ba zai yi musu ba, tayoyin nutsewa suke yi. Ku nemi daɓen siminti mai sumul, ku share tsakuwa da kwalba kafin kowane atisaye, ku ba su silifa ko safar hannu don kare tafin hannu. Idan akwai matakala, a gina gangare: kowane santimita 10 na tudun matakalar yana buƙatar gangare mai tsawon santimita 120. In gangaren ya fi haka miƙewa sama, keken guragu zai iya kifewa baya. Ƙofar bayan gida kada ta gaza santimita 90.

Makafi ƙwallo mai ƙararrawa suke bi, dole 'yan kallo su yi shiru. Kurame kuwa tuta za a ɗaga musu maimakon usur.

Kuɗin mota na iya kashe irin wannan shiri a Legas, don haka ku ware shi tun farko. Ku kuma je ofishin LASODA, hukumar jihar Legas mai kula da masu buƙata ta musamman, ku gabatar da ƙungiyar.