Samfurin gida a kan allo: ado ne ko dole?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne a nan Kaduna. Na haɗa ƙaramin samfurin gida da kwali a ma'aunin 1:100, abokaina suka ce sai na ɗora shi a kan allon katako. Ni kuwa gani nake ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Yana da wani amfani?

Amsa: Ƙanena, abokanka sun yi gaskiya, kuma da za ka bi ta tawa, allon za ka fara yankawa tun kafin ka taɓa kwali.

Allon nan shi ne filin da gidan yake zaune a kai. A ma'aunin 1:100, santimita 1 tana wakiltar mita 1. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 da ƙafa 100, kusan mita 15 ne da mita 30, wato santimita 15 da 30 a kan allonka. Da zarar ka shata iyakarsa ka kafa katanga, mai kallo zai ga abin da ginin ya ci da abin da ya rage na tsakar gida, inda mota za ta tsaya, inda rijiya take da tazararta da masai. Ka tsayar da ɗan mutum-mutumi mai tsayin santimita 1.7 a ƙofar zaure, nan take ido zai gane girman ginin ba tare da ka buɗe baki ba.

Kada ka manta da kibiyar da ke nuna arewa. Wannan ita na fi dubawa a aikin ɗalibai, domin da ita ake sanin ɗakin da ranar yamma za ta gasa a watan Maris da Afrilu, da tagar da iskar hunturu za ta buga daga arewa maso gabas. Mai gida kuma zai tambaye ka alƙibla, wadda a Kaduna gabas ce mai karkata zuwa arewa. Gidan da ke yawo a tafin hannu ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai batun ɗauka. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta sauko daga Keke Napep rungume da aikin da ta yi makonni tana yi, babban yatsanta ya lotsa rufin, gam ya saki a kusurwa biyu. Har yau abin yana ɓata mini rai. Da akwai allo, shi hannu zai kama.

Ka shiga kasuwar Panteka ka sa kafinta ya yanka maka filawud mai kaurin milimita 12, ya bar rarar santimita 5 a kowane gefe. A rarar nan za ka zana titi ka rubuta sunan aiki da ma'auni. Ka guji MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, domin yana shan laima ya kumbura da damina. A shafa masa fanish ciki da bai, a manna 'yan robobi huɗu a ƙasa don kada ya kwanta a kan danshi.

In aljihu ya yarda, ka sa a yi masa murfin roba mai garai-garai wanda zai zauna daidai a bakin allon, domin ƙurar hunturu idan ta shiga farin kwali ba ta fita da goga. In bai yarda ba, kifa masa katan mai tsabta har zuwa ranar da za ka gabatar.