Harajin Lemon Kwalba: Adalci Ne Ko Ƙarin Kaya Ga Talaka?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina da shago da firiza biyu, kuma lokacin zafi rabin cinikina lemon kwalba ne da na gwangwani. Na ji a rediyo Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira ga ƙasashe su ƙara haraji a kan abin sha mai zaƙi, wai don a rage ƙiba. Abin ya ɗaure mini kai. Mu da ke fama da yara masu tamowa, ina mu ina yaƙi da ƙiba? Kuma mai kuɗi ko an ninka farashi zai saya, talaka ne za a hana wa ɗan sanyin da yake ji a maƙogwaro. Ni kaina ina da teɓa, amma ban cika shan lemo ba, shayi ne nawa. Don Allah a gaya mini gaskiya, wannan adalci ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. A watan Yuli na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙi ƙasashe su yi amfani da haraji su ɗaga farashin taba da giya da abin sha mai sukari da aƙalla kashi 50 cikin 100 kafin 2035. Ni ina goyon bayan harajin, amma bisa sharaɗi, kuma ba zan yi maka alkawarin shi kaɗai zai sauke teɓar kowa ba. Bari mu bi ta a hankali.

Me ya sa aka tsame lemo daga cikin dukan abin da ake ci? Ɗauki gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 daga firizarka ka karanta bayansa. Akwai sukari giram 35 a ciki, wato ƙwayar sukari shida zuwa bakwai. Ba wanda zai zauna ya tauna ƙwaya bakwai a jere, amma a narke cikin ruwan sanyi, a rana irin ta Tawa cikin watan Afrilu, numfashi biyu ya isa a shanye. Tun 2015 hukumar ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, kuma in an tsaya a 25 ya fi. Ka ga gwangwani ɗaya ya cinye fiye da rabin kason. Wanda ke shan ɗaya kowace rana, a shekara ya haɗiye kusan kilo 13, kamar ka jera masa kwalin sukari 13 a kan tebur.

Babbar illarsa ita ce ba ya ƙosarwa. In ka sha fura ko ka ci tuwo, ciki yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an ƙoshi, sai hannu ya tsaya. Ruwan sukari kuwa wucewa yake yi, mutum ya sha kwalba biyu kuma ya cinye kwanon shinkafarsa kamar bai sha kome ba. Rarar sai hanta ta mayar da ita kitse. A kwana a tashi jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, daga nan ciwon sukari ya samu ƙofa. Haƙoran yara ma suna biyan nasu kason.

Batun tamowa da ka kawo yana ci mini rai, domin kullum ina ganinsa. Fiye da yara 4 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Sai dai tamowa da ƙiba ba kishiyoyi ba ne, sau da yawa gida ɗaya suke kwana. A nan Yamai na sha ganin uwa mai nauyin kilo 95 ta shigo ɗakin duba marasa lafiya da goyon da bai kai nauyin shekarunsa ba. Dukansu biyu abinci ɗaya ya cuta: mai cika ciki da zaƙi da mai, marar gina jiki. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, yaron da ya sha yunwa a cikin mahaifa ko a shekarunsa na farko, in ya girma ya faɗa cikin sukari da maiƙo, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini. Saboda haka ƙasar da ta yi fama da yunwa ita ce ya kamata ta fi jin tsoron sukari.

To harajin yana aiki? An gwada, kuma an ƙirga. Mekziko ta sa peso ɗaya a kan kowace lita a watan Janairu na 2014, abin da ya ɗaga farashi da kimanin kashi 10 cikin 100. A shekarar farko sayen waɗannan abubuwan sha ya ragu da kimanin kashi 6, kuma gidajen marasa ƙarfi ne suka fi ragewa. Sayen ruwan gora ya ƙaru.

Hanyar Ingila ce ta fi burge ni. Sun sanar da harajin a 2016, suka ce sai Afrilu na 2018 zai fara aiki, kuma suka ɗaura shi a kan yawan sukarin da ke cikin kwalbar. Abin da bai kai giram 5 a mililita 100 ba, ba ya biyan ko sisi. Lokacin da aka fara a 2018, mai giram 5 zuwa 8 ya biya peni 18 a lita, daga 8 zuwa sama peni 24. Kamfanoni suka yi lissafi suka ga rage sukari ya fi musu sauƙi, tun kafin ranar ta zo da yawansu sun sauya haɗinsu. Tsakanin 2015 da 2019 sukarin da ke cikin lemon da harajin ya shafa ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Ka lura da wannan, Alhaji, domin kai ya shafa: masu shaguna sun ci gaba da sayar da kwalabensu, abin da ke cikin kwalbar ne ya sauya. Afirka ta Kudu ta bi irin wannan sawu a 2018, ta yafe giram 4 na farko a kowane mililita 100, ta sa kuɗi a kan kowane giram da ya haura.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa naira 10 a lita, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kan robar rabin lita, kuma tsadar kaya ta haɗiye ta nan da nan. Irin wannan yana kawo wa baitulmali kuɗi, amma ba ya hana kowa sha. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100 ko fiye kafin a ga sauyi na kirki. A ce kwalbar dala 60 ce, ta koma dala 72.

Raguwar saye tabbas ce. Raguwar ƙiba kuwa a hankali take zuwa kuma kaɗan ce, domin ƙiba ba uwa ɗaya ta haife ta ba. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya gano ƙiba ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 a tsakanin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 11 a Ingila bayan harajin, amma bai ga irin haka a wurin yara maza ba. Duk wanda ya ce maka haraji maganin ƙiba ne ya zarce gona da iri. Mataki ɗaya ne daga cikin matakan tsani.

Yanzu ga zancen adalci, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ka yi gaskiya cewa dala 12 ta fi nauyi a aljihun mai turin baro fiye da na babban ma'aikaci. Duk harajin da aka ɗora a kan abin saye haka yake. Amma ka zo ka tsaya tare da ni a asibiti ka ga wanda ciwon sukari ya fi yi wa ɓarna. Ba na manta wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo daga ƙauye, ƙafarsa a naɗe da tsumma. Ƙaya ce ta soke shi a gona bai ji ba, don ciwon ya riga ya kashe jijiyoyin tafin ƙafar. Kafin su iso, yatsu biyu sun yi baƙi. Sun sayar da tumaki uku kafin a gama aiki da magani, kuma da aka ce insulin ɗinsa yana son wuri mai sanyi, sai babban ɗan ya dube ni ya ce, "Likita, garinmu ko wuta babu." Mai kuɗi in ya kamu yana da abin awon sukari a gida, yana da firiji, yana da kuɗin ganin likita duk wata. Talaka da ƙafarsa yake biya, ko da idonsa, ko da ƙodarsa. In harajin ya fi sa talaka rage sha, to shi ne kuma ya fi tsira daga wannan.

Ƙari a kan haka, lemo ba gero ba ne, ba shinkafa ba ne. Wanda ya bar shi bai rasa kome ba a jikinsa. Da a kan hatsi ko mai aka ce za a ƙara, da ni ne na farko da zan ce zalunci ne. Kuma a ƙasarmu wanda ke shan kwalba kullum yawanci ɗan birni ne mai ɗan abin hannu, mutumin karkara sai ranar suna ko salla.

Amma akwai inda nake jin tsoron a bar jaki ana dukan taiki, kuma kai da kanka ka nuna wurin da ka ce shayi ne naka. Sukarin da mu 'yan Nijar muke sha, mafi yawansa bai taɓa shiga kwalba ba. Zauna a kowace fada bayan la'asar ka sa ido a kan butar shayi: ɗan kofin da ake sha da shi, da shi ake auno sukari a zuba, a yi na fari, a ƙara a yi na biyu, a ƙara a yi na uku, wani kuma sau uku yake zama irin wannan a yini. Je teburin mai shayi da safe ka ga yadda madarar gwangwani mai kauri ke kwarara cikin kofi, sannan a bi ta da cokalin sukari. Ga kunu da koko, ga zoɓo da lamurje a leda, ga garin lemo na 'yan dala da yara ke kaɗawa a ruwa a ƙofar lakwal. Ga kwalayen sukarin azumi da muke kai wa surukai da iyaye, alheri ne da zumunci, amma jiki bai san wannan ba. Babu jami'in haraji da zai iya bin waɗannan, kuma bai ma kamata a bi matar da ke ƙulla zoɓo tana ciyar da marayu ba. Ingila ma ta yafe wa ƙananan masu sana'a da ba su kai lita miliyan ɗaya a shekara ba.

Sai kuma yadda muke kallon ƙiba. Har yanzu amarya in ba ta yi jiki ba ana cewa mijin ba ya kula da ita, kuma 'yan mata suna sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a hannun masu tallan magani, wasunsu masu ɗauke da sinadarin da ke kumbura jiki ya tayar da sukari da hawan jini. Haraji ba ya shiga nan, sai dai wa'azi da rediyo da bakin iyaye mata.

Akwai kuma iyaka. Kai ka fi ni sanin yawan kayan da ke shigowa ta Ƙonni daga Illela. In lemon da ya bi ta duwan ya yi tsada, na bayan fage ya zauna da arha, ɗan kasuwa mai gaskiya ne zai yi asara, kuma ba wanda ya rage sha. Danmak ta soke nata harajin lemon a 2014, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yadda mutanenta ke tsallakawa Jamus su yi sayayya.

Sharuɗɗana ke nan. A ɗaura harajin a kan yawan sukari, yadda kamfanin da ya rage zai ga riba, kada a yi wa kowace kwalba kuɗin goro. Ya haɗa da garin lemo da abin shan ƙara kuzari da matasa suka rungume, ya bar ruwa da nono da madarar da ba a sa wa sukari ba. A karɓe shi a masana'anta da bakin iyaka, kada a bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Sannan, wanda ya fi kowanne a wurina, a ga inda kuɗin ya tafi: famfon ruwa mai tsabta a makarantu, awon sukari kyauta a asibitocin unguwa, sauƙin farashin insulin, abincin yara masu tamowa. In talaka ya biya ƙarin dala 12 ya kuma tarar da awo kyauta a asibitin garinsu, an yi masa adalci. In kuɗin ya shige baitulmali ba a sake jin ɗuriyarsa ba, to ƙorafinka ya tabbata, kuma zan sa bakina tare da naka.

Game da shagonka, kada hankalinka ya tashi. Ƙishirwar Tawa ba za ta ragu ba don an ƙara haraji, abin da mutane za su nema ne zai ɗan sauya. Ka ba ruwan sanyi da nono marar sukari wuri a saman firiza inda ido ke fara sauka, ka riƙa ajiye ƙananan kwalabe maimakon manya.

Teɓarka kuwa ina so ka ɗauke ta da muhimmanci, domin kitsen ciki ya fi na ko'ina haɗari. Samu igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, lokacin gyara ya yi. Ka rage sukarin butarka da kwata a wannan makon, bayan mako biyu ka sake ragewa, harshe yana sabawa da wuri fiye da yadda ake zato. Ka taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa a maimakon babur in wurin bai yi nisa ba. Kuma cikin makon nan ka je da safe, kafin ka karya, a auna maka sukari da hawan jini, musamman in kana yawan tashi fitsari da dare ko akwai mai ciwon a danginku.