Na koma Ubuntu, yaya zan shiga VPN na ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na cire Windows na ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a laftof ɗina. Ofishinmu da Cisco AnyConnect ake shiga VPN, masu kula da kwamfutocinmu kuma sun ce su Windows kaɗai suka sani. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka rage mini aiki da ka faɗi sunan, domin VPN, wato killatacciyar hanyar da ke haɗa kwamfutarka da ofis ta intanet, iri-iri ne, kowanne da yaren da yake ji. Naku akwai manhaja ta kyauta mai jin yarensa, wato OpenConnect, wadda David Woodhouse ya rubuta. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

sudo apt install openconnect network-manager-openconnect-gnome

Daga nan ka shiga saitin sadarwa, ka danna alamar ƙari a gefen VPN, ka zaɓi OpenConnect, ka sa adireshin sabar ofis. Sunanka da kalmar sirri sai lokacin haɗawa zai tambaya. Ni dai karon farko na fi son a gwada ta taminal, a rubuta sudo openconnect sannan adireshin, saboda in abu ya cije za ka ga dalili a rubuce, ba kawai alama ta yi ta juyi ta mutu ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne bayan an haɗu. Makulli ya bayyana a saman allo, amma shafin ofis ya ƙi buɗewa. Yawanci DNS ne, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa: kwamfutarka na tambayar sabar kamfanin layinka sunan da ofis kaɗai ya sani. Rubuta resolvectl status, ka duba ƙarƙashin tun0 ko vpn0, wato sunan da kwamfutar ke ba haɗin VPN ɗin. In babu sabar DNS ta ofis a wurin, ka nemi lambarta ka sa da hannu. In kuma ƙananan shafuka na buɗewa manya na maƙalewa, musamman a kan datar waya, rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da ake turawa a lokaci guda, zuwa 1300 ka gani.

Wasu ofisoshin sabarsu sai ta binciki kwamfutar kafin ta buɗe ƙofa. In naku haka yake, kada ka nemi dabarar zagayewa, aikinka za ka jefa cikin haɗari. Cisco na da tata manhajar ta Linux, yanzu ana kiranta Cisco Secure Client. Ka roƙi masu kula da kwamfutocin su sauko maka da ita, su ne ke da izinin.