Re: Me ya sa masu kare haƙƙin naƙasassu ke rigima da masu goyon bayan zubar da ciki?

Ƴar'uwa, kin tambaya me ya haɗa su faɗa tunda duk sunan kare haƙƙi suke. To a doka abin yake. A Ingila dokar 1967 ta yarda a zubar da ciki zuwa sati 24, amma in likitoci suka ga jaririn zai zo da naƙasa mai tsanani sai a yarda har dab da haihuwa, wannan bambancin ne ya sa Heidi Crowter, wadda ita kanta tana da larurar Down (naƙasa ce da ake haifar mutum da ita, mai jawo jinkirin girma da koyo), ta kai ƙara kotu tace dokar na nuna rayuwar irinta bata kai ta kowa ba. Ta sha kaye a 2021, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗi a 2022.

Su kuma ɗaya ɓangaren tsoronsu abinda ya faru a Poland ne, 2020 kotu ta soke wannan dalilin na naƙasa, mata suka rasa mafita ko da jaririn ba zai rayu ba.

Ni dai wallahi abinda yafi damuna shine yadda ake faɗa wa uwa sakamakon gwajin da ya nuna jaririn cikinta na da naƙasa kamar an yi mutuwa, ba wanda zai zauna ya faɗa mata wane tallafi yaron zai samu in ta haife shi.