Amsa ga ƙanwarmu mai ƙuncin lokacin sanyi

Assalamu alaikum mutanen gida, barkanmu da hantsi, ya sanyi? Ƙanwata amarya, na saurari muryar da kika turo jiya da dare, har sau biyu na saurara. Kin ce tun da hunturu ya shigo ba ki jin daɗin komai, maigida ya yi tafiya, ɗakin ya yi miki duhu, kin share ƙura ta dawo, kin goge ta dawo, har kin bar sharar kin koma kwanciya, wani lokacin sai ki ji hawaye babu dalili. To ki saurare ni, maganar za ta ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da yayarki.

Da farko ki cire wa ranki cewa lalaci ne ko rashin godiyar Allah. Ba shi ba ne. Iskar nan daga arewa maso gabas take kaɗowa, daga Sahara, kuma yawancin ƙurar daga wani tsohon kwarin tafki ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele. Tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu muna cikinta. Idan hazo ya sauko nan Gusau, ai kin gani, rana sai ta koma kamar farin faifai, ka kalle ta ido da ido ba ta kashe maka ido. Mu kuma me muke yi? Mu rufe taga, mu toshe da tsumma, mu saki labule mai kauri, mu zauna cikin duhu tun safe har magariba. Jikin ɗan Adam kuwa yana son haske. A ƙasashen Turai likitoci sun san wannan ƙuncin na lokacin sanyi, har fitila mai haske sosai suke sa mutum ya zauna gabanta da safe. Mu Allah ya ba mu rana kyauta, mu ne muke kulle ta waje.

Don haka abu na farko, tagar nan. Gobe da hantsi, idan rana ta ɗan ɗaga iska ta lafa, ki cire labulen nan mai nauyi ki wanke. Ki sami farin yadi mara kauri, ko tsohon mayafi fari ma ya isa, ki rataya. Ki ɗan yayyafa masa ruwa, zai riƙe ƙura, haske kuma ya wuce. In kina da madubi, ki mayar da shi bangon da ke kallon tagar. Wallahi ɗakin zai zama kamar an ƙara masa wata taga.

Sai bango. Nan ne nake so in daɗe, don ni abin da ya fisshe ni ke nan shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ita duk kaka in an gama kai amfani gida, sai ta jiƙa farar ƙasa ta shafe ɗakinta, ta sake daɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawan nan da ke sa daɓe ya yi ja-ja-baƙi-baƙi yana sheƙi, ruwa ba ya cinsa da wuri. Sanyin farko bayan rasuwarta na kwanta kamar yadda kika kwanta. Ranar nan dai na tashi na sayo farar ƙasa, na jiƙa a bokiti ta kwana, da safe na tace da rariya, na zuba ɗan ƙaro da na jiƙa don kada ta riƙa bin tufafi, na ɗiga bula kaɗan. Da tsumma na shafa, bango ɗaya tak. Lokacin da kike shafawa za ki ga kamar kin ɓata wurin, toka-toka, duk sawun hannu. Ki ba shi lokaci. Iskar hunturu ba ta barin danshi, kafin la'asar ya bushe ya yi fari fat. Na zauna bakin gado ina kallonsa, hannuna duk ya yi kaushi, ɗakin yana ƙanshin ƙasa kamar an yi yayyafin farko, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ki fara da bango ɗaya, kada ki ce sai kin gama ɗaki duka rana guda, gajiya za ta sa ki tsani aikin. In gidan haya ne mai fenti, ki tambayi mai gida tukuna. Kuma ki shafa man kaɗanya a hannu kafin ki fara da bayan kin gama.

Amma 'yan uwa da ke wajen Anka da Bukkuyum, don Allah ku kula da inda kuke ɗebo ƙasar yaɓe ko ta daɓe. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukanmu irin su Dareta da Bagega, saboda dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Kada a ɗebi ƙasa kusa da inda ake niƙa ko wanke dutse, kada a yi aiki da turmi ko buhun da ya taɓa shi. Yaro mai rarrafe hannunsa a baki yake.

Idan bango ya bushe sai ado, kuma wannan ba ya cin kuɗi. Faifai masu launi guda uku ko biyar, ki kafa su da ƙananan ƙusa, babba a tsakiya. Ƙwarya mai zane in kina da ita. Kayan jerenki da ke cikin kwali tun biki, fito da su ki wanke, ai don a gani aka saya miki. Ki je wurin telarki ki roƙi ƙyallayen atamfa da suka rage, ki haɗa ki yi rigar filo, ko da allura da zare ne, kina yi kina sauraren rediyo. Gwangwanin madara kuma ki huda gindinsa, ki zuba ƙasa da ɗan taki, ki dasa na'a-na'a ki ajiye bakin taga. A lokacin da komai ya yi fururu, ganin ɗanyen ganye kore yana sanyaya rai, ga shi kuma kin sami na shayi.

Yauwa, sai maganar wuta, wannan kam ina roƙon kowa a gidan nan ya ji. Turaren wuta yana gyara ɗaki, ni ma kullum sai na sa. Amma kasko ya yi nesa da labule da katifa, yanzu komai a bushe yake, lokacin gobara ne. Kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma sanin ta kama shi. Ki turara, ki ɗumama ɗakin da taga a ɗan buɗe, ki fitar da kaskon kafin ki kwanta.

Ƙanwata, in kin yi duk wannan, mako biyu ya wuce har yanzu ba barci, ba cin abinci, kuka bai tsaya ba, to ki faɗa mini ko ki faɗa wa maigida, mu je asibiti a duba ki. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, babu abin kunya.

Ina da ragowar farar ƙasa da ƙaro a nan. Ranar Asabar in sha Allah bayan na sallami yara Islamiyya zan biyo, ki tanadi bokiti da tsumma, ki kuma matsar da gadon daga jikin bangon gabas kafin in iso. Wassalam.