Gawayin ɓawon gyaɗa zai iya tace ruwan rini?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ruwan marinarku a Kura yana malalawa cikin lambu, kana tambaya ko gawayi zai cire launin. Zai cire, amma ba gawayin girki ba.

Wanda ake nufi shi ne gawayin da aka buɗe wa ƙofofi, wato ƙananan ramuka a jikinsa. Ana yin sa da ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ƙwallon goruba ko buntun shinkafa, wanda ga shi nan tuli a wajen masu casa. A busar, a jiƙa a fosforik asid, wani ruwan sinadari mai tsami da ƙuna, a ƙona cikin rufaffen durom da iska ba ta shiga sosai, zafi kamar digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salsiyas. Sai wanki har tsamin ya fita, kuma nan ne mutane ke kasala. Giram ɗaya na mai kyau, faɗin ramukan cikinsa kan haura murabba'in mita 500, a jikinsu launin ke maƙalewa.

Ni dai goruba zan ɗauka. Buntu toka ta yi masa yawa.

Kada ka zuba ruwan rinin a kan gawayin kai tsaye. Bar shi ya kwana ya kwanta, ya bi ta yashi, sannan gawayi. Soda da gishirin rini gawayi ba ya kama su, don haka ko ruwan ya yi garau kada a ba dabba. Da launi ya fara ɓullowa ta ƙasa, gawayin ya ƙoshi, canza shi, tsohon kuma kada ya je gona. Asid ɗin sai da safar hannu, nesa da yara.