Kaluluwa: sunan ciwo ne ko sunan wani abu a jiki?

Wata malamar lakwal da ke koyarwa a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, ta aiko mini da tambaya. Tana shirya darasin sassan jiki da Hausa, sai ta zo kan abin da littafin Faransanci ke kira gangiliyon, ta rubuta kaluluwa. Wani abokin aikinta ya ce ta yi kuskure, wai kaluluwa sunan ciwo ne, ba a sa ta cikin jerin su zuciya da hanta da ƙoda. Tana so in raba musu gardama.

Malama, ba ki yi kuskure ba, amma shi ma abokin aikin naki ba a ƙasa ya tsinci maganarsa ba. Mai lafiya ba ya cewa yana da kaluluwa. Sai ranar da ta hana shi taka ƙafa ko sauke hannu ne za ki ji sunanta a bakinsa. To amma ki kasa kunne ga kalmomin da muke haɗa ta da su. Mukan ce "kaluluwa ta taso masa", bayan ƴan kwanaki kuma mu ce "ta kwanta". Abin da ya taso, ai da ma yana nan. Abin da ya kwanta kuwa bai bar gidan ba. Haka muke yi wa saifa: kowa na da ita a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, amma in aka ce yaro "yana da saifa", kumburinta ake nufi. Bahaushe ya saba kiran abu da ciwon abin da suna guda, sauran maganar ce ke bambanta su. Ki bar kalmarki yadda kika rubuta ta.

Tunda yara za ki koyar, bari in ƙara miki da abin da ke bayan kalmar. Jikin baligi na ɗauke da kaluluwa kimanin 500 zuwa 600. Wata ba ta wuce ƙwayar dawa ba, wata ta kai ƙwayar wake, kuma siffar waken gare ta, har da ɗan loɓawar nan ta gefe guda. Waɗanda hannu ke iya taɓawa su ne na wuya, da ƙasan haɓa, da bayan kunne, da hammata, da matsematsi. Saura da yawa suna can ciki, a ƙirji kusa da huhu, da kuma jikin kitsen da ke riƙe da hanji. In kina so ki ga ta zahiri, ki tambayi mahauci. Ya san ƴan ƙulle-ƙullen nan masu ruwan toka da ke ɓoye cikin kitsen akuya, kuma su ne ma'aikacin lafiyar dabbobi ke tsagawa da wuƙa a kwata ya duba cikinsu kafin ya yarda a fitar da nama kasuwa.

Aikinsu ya rataya ne a kan wani ruwa. Duk wanda ya yi noman farko da hauya har hannunsa ya yi bororo ya ga ɗan'uwansa: ruwa garau, ba ja ba, mai ɗan yauƙi. Daga ƙananan jijiyoyin jini yake tsattsafowa ya jiƙa nama. Mafi yawansa na komawa cikin jini, amma kimanin lita 3 a kowace rana sai ya bi wasu siraran hanyoyi na daban, waɗanda zuciya ba ta tura musu komai. Motsin jiki da numfashi ne ke matsa shi gaba, har ya je ya zuba cikin manyan jijiyoyin jini a gindin wuya. Turawa sun ara masa suna daga Latin, limfa, ma'anarta kuwa ruwa ce kawai. Babbar hanyarsa ta cikin ƙirji wani likita Bafaranshe, Jean Pecquet, ya bayyana ta a 1651, kuma a jikin kare ya gano ta.

A kan waɗannan hanyoyi kaluluwa take zaune. Tana da fatar da ta lulluɓe ta. Hanyoyi da yawa na shigar mata da ruwa ta bayanta, ya ratsa cikinta a hankali kamar ana tace gasara, ya fita ta wajen loɓawar. Sai dai aikinta ya wuce na rariya. Cikinta cike yake da fararen ƙwayoyin jini: wasu na haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita, wasu na gane irinta su haɗa mata makarin da ya dace da ita, wasu kuma na riƙe kamanninta don in ta sake dawowa. Ni na fi son in kwatanta ta da mai unguwa. Baƙon da ya shigo unguwa, ƙofar mai unguwa ake kai shi a ji ko wane ne, daga ina, me ya kawo shi. In mugu ne sai a yi gangami, ƙofar gida ta cika maƙil. Cikar nan ita ce kumburin, don ƙwayoyin tsaron hayayyafa suke yi a ciki har fatar ta ɗame, ta yi zafi.

Kuma kowane mai unguwa da iyakarsa. Ƙafa na kai ƙara matsematsi. Hannu da nono na kai tasu hammata. Fatar kai, da haƙori, da kunne, da maƙogwaro, nasu na wuya. Tsofaffinmu sun san wannan sarai. Ina yaro, wata damina, na dawo daga gona a fadamar Gulbi ina ɗingishi, na nuna wa kakata wani ƙullutu a matsematsina. Ta taɓa shi da yatsa biyu sau ɗaya, ta ce, "Miƙo ƙafar." Ta juya tafin, ta buɗe tsakanin ƴan yatsu, sai ga inda ƙaya ta karye a ciki kwana uku da suka wuce, har ya fara ɗurar ruwa. Ta cire ta, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, tana cewa, "Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa." Wannan karin magana a kan zumunci aka fi kawo shi, cewa abin da ya sami ɗan'uwanka ya same ka. Amma ban taɓa jin inda ya zauna daram kamar a bakin tsohuwar nan ba.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ce a Tibiri. Ya ce a gidansu duk kumburin wuya kaluluwa ake ce masa, shin hangum da maƙoƙo da maruru duk abu guda ne?

A'a, ɗana. Hangum kumburin kumatu ne a gaban kunne, inda miyau ke fitowa, yara ya fi kamawa kuma ana ɗaukarsa. Maƙoƙo a gaban wuya yake, in mutum ya haɗiyi miyau sai ka ga ya hau ya sauka, kuma yawanci ƙarancin sinadarin ayodin ke kawo shi, shi ya sa ake sa shi cikin gishiri. Maruru na fata ne, yakan nuna ya yi baki ya fashe. Akwai kuma kumburin matsematsi da ke fitowa in an yi tari ko an ɗauki kaya, ya koma in an kwanta. Wannan gwaiwa ce, wasu su ce ƙaba, hanji ne ke turowa. Kakanninmu ba don yawan magana suka ba kowanne sunansa ba. Na damu da wannan ƙwarai, don wanda ya ɗauki kaluluwa maruru ne zai matse ta, ko ya kai yaro a tsaga masa, garin gyaran gira a rasa ido.

Ta uku ita ta fi tsaya mini a rai. Wani magidanci daga Madarunfa ya tambayi ma'anar "jiki magayi". Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa na da wani ƙullutu a hammata wata biyu ke nan, amma ba ya mata ciwo, kuma tunda jiki ne magayi, in da abin tsoro ne ai da jikin ya faɗa.

Malam, magayi shi ne mai gaya wa mutum, daga aikatau "gaya", kamar yadda mafaɗi ya fito daga "faɗa". Akan yi karin maganar ga wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji, wato in kunnensa bai ji ba, jikinsa zai gaya masa. Ba ta ce jiki da zafi kaɗai yake magana ba. Ƙullutun da ya yi wata biyu bai kwanta ba, shi kansa magana ce.

Kaluluwar da rauni ko mura ko ciwon haƙori ya tayar tana da taushi, tana zillewa ƙarƙashin yatsa, tana da zafi, kuma takan fara kwanciya cikin mako biyu zuwa huɗu in sanadin ya warke. Wadda likitoci ke son gani da wuri ita ce mai tauri, wadda ta kafe wuri guda, tana ƙara girma, ba ta ciwo. Haka wadda ta fito a saman ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ko wadda ta zo da rama, da zufar dare, da zazzaɓin da ya ƙi tafiya. Tarin tibi kan zauna a kaluluwar wuya, kuma yana da magani. Sankarar nono kuwa hammata takan fara aika saƙo, shi ya sa batun Hajiya ba na jira ba ne. Ƙila a duba a ce ba komai, mu kuwa fatanmu ke nan.

Ka kai ta likita cikin wannan makon. In tana jin nauyin a duba mata nono, ka tafi da ƙanwarka ko maiɗakinka su shiga tare, a nemi ma'aikaciya mace. Ku gaya musu tun yaushe abin ya fito, da ko yana ƙaruwa, kuma kada a shafa masa komai ko a tsaga shi kafin ku je.